Jemimah, Muryar Tukwanen Iya Rahmat

"Wane hoto na tura, Murja? Faɗa mini gaskiya."

"Anti, ba komai fa. Ai na riga na goge."

"Ban tambaye ki ko kin goge ba."

Murja, 'yar Iya Rahmat mai gidan abincin, ta sunkuyar da kai ta ce, "Hoton allon abincin shekaranjiya ne. Mai farfesun kayan ciki."

Ranar kuwa babu farfesu a kan wuta, ga mutum uku sun riga sun zo nemansa. Ina zaune a bencin bakin ƙofa da kwanon shinkafa da wake, na ga Anti Jemimah ta kife wayar a cinyarta. A shekara takwas da ta yi tana aiki a nan, wannan ne karo na farko da ta sanar da abin da babu shi a tukunya. Kuma ba sakaci ba ne. Idonta ne yake tafiya. Hawan jinin ido, in ji likita, kuma abin da ya tafi ba zai dawo ba.

Wanda bai san gidan abincin Iya Rahmat ba, rumfa ce ta kwano, benci huɗu, tsakanin tasha da asibiti a nan Kontagora. Ba ta da shafi a intanet, ba ta taɓa neman yi ba. Abin da take da shi Jemimah ce, 'yar Tungan Magajiya, wadda aka ɗauka don zuba abinci, ta wayi gari ita ce bakin gidan.

Kullum da hantsi, da zarar tuwo ya turara, sai ta bi tukwane ɗaya bayan ɗaya. Ta buɗe, ta duba, ta ɗanɗana. Sannan ta ɗauki alli ta rubuta a allo: tuwon shinkafa da miyar taushe, sakwara da agushi, dambu, kunun gyaɗa. Ta ɗauki hoton allon ta tura guruf ɗin WhatsApp na masu ciniki. Bayan hoton sai saƙon murya, saboda ta san rabin mutanenta ba su yi boko ba. Ta faɗa da Hausa, ta maimaita da Dukanci, ta ƙara da ɗan Fulatancin da ta tsinta a bakin masu nono. Abin da ya ƙare kuwa, a take za ta sanar, kada wani ya taka rana a banza.

Dokarta ɗaya: abin da ba ta gani da idonta a tukunya ba, ba ya hawa allo. Wani mai gyaran waya ya taɓa kawo mata hotunan abinci masu sheƙi da ya sauko da su daga intanet, ya ce ta riƙa sa su. Ta dube su ta ce, "Wannan kazar ta wace ƙasa ce? Tamu ba ta ƙoshi haka ba." In gishiri ya zarce a miyar kuka, ita za ta fara faɗa wa duniya, Iya na jinta tana salati.

Na'Allah direba, mai jigila zuwa garin Beri, ya ce mini tun daga hanya yake kunna muryarta fasinja su ji. Shi ne mai tsokanarta kullum: "Anti Jemi, ke ce kaɗai 'yar talla mai kushe kayanta!" Ita kuma ta ce, "Ci ka tashi, Na'Allah, ka cika mana benci da tumbi." Da na gaya masa halin da ake ciki, bai yi tsokana ba. Ya daɗe yana juya makullin mota a hannu.

Amma shaidar da ta fi taɓa ni ta Modibbo ce, wani dattijo makiyayi daga wajen Kaboji. Bara ya yi mako bakwai yana jinyar matarsa a asibiti, ba ya iya barin gefen gadonta, ba ya karatun boko, kuma an hana matar gishiri da sukari. Jemimah ta ware masa saƙonsa daban. Kowace safiya: "Baffa, yau akwai kunu marar sukari, na kuma ɗebi miya kafin a sa gishiri." Matar ba ta tashi ba, Allah ya jiƙanta. Modibbo ya ce mini har yau bai goge saƙonnin ba, domin a kwanakin ƙarshe muryar nan ce take sa marar lafiyar murmushi, wai Fulatancin Jemimah duk a karkace yake.

Anti Jemimah, ke ce mai gaskiyar tukunya. Na karanta labaran jarumai da yawa, masu takobi da masu alƙalami, ban ga inda aka rubuta irinki ba, mai tsohuwar waya da ta tsage a kusurwa. Ke ce kika mai da jerin abinci gaisuwa. Mutum yana kwance a gadon asibiti, ko yana bakin titi da mota ta lalace, ya ji ki, ya san akwai inda ake dafa abinci da shi a rai. Mun ci, mun sha, ba mu taɓa tambayar yadda idonki yake ba. Wannan yana damuna. Mun gode, ko da godiyar ta makara. Masu sana'a da ke riƙe da waya a garin nan, ga abin koyi: ku nuna mana abin da kuke da shi, yadda yake.

Jemimah ta ce za ta ajiye aikin, amma Iya Rahmat ba ta so ta tafi. Jiya da na koma, na tarar tana roƙonta.

"Haba Jemimah, ki zauna mana. Murja ta riƙa gaya miki abin da ke akwai, ke kuma ki yi muryar. Wa zai sani?"

"Ni zan sani, Iya."

"To gidan nan fa? Mutanen nan ke suka sani, ba ni ba."

"Za su saba. Hannun Murja ya fi nawa kyau a allo."

Iya ta ja gefen mayafi ta rufe fuska. Jemimah ta lalubi wayar, Murja ta ɗora mata yatsa a inda ake dannawa, sannan Jemimah ta kai wayar bakinta.

"Jama'a, barkanku da hantsi. Yau akwai tuwon masara da miyar kuɓewa, Murja ce ta gani, ba ni ba. Idona ya gaza. Wannan ne saƙona na ƙarshe. Daga gobe ita za ku ji, ni ranar Asabar zan koma gida Tungan Magajiya."