Gidan Kimbi a Kwarin Nyos

Kimbi manomin masara ne. A tudu aka haife shi, inda kakanninmu suka ce a riƙa gini saboda haɗarin tafkin Nyos. Ni abokinsa, ni na ƙirga masa: daga tudu zuwa rafi taku dubu biyu, daga kwari kuwa taku sittin. Sai ya sauka kwari da zama, da matarsa da 'ya'ya biyar.

Uwarsa ta ce, "Kai ɗan nan, kakanninka wawaye ne?"

Ya yi dariya. "Mama, su ba sa gajiya ne."

Ranar da tafkin ya amayo iska mai guba ta bi kwari, yana tudu yana jinyar tsohuwar. Washegari na taya shi haƙa kabari shida.

Shekara talatin ke nan, bai ƙara amsa gaisuwata ba.