Yaren da Tabitha Ba Ta Koya Ba

Dakta Tabitha Seth 'yar asalin Pankshin ce, amma a Jos ta tashi. Tun tana sakandare Jamusanci ya shiga ranta, dangi suka yi ta tsokanarta wai da wa za ta yi hira. Ta yi kunnen uwar shegu da su, ta karanci adabin Jamus har digiri na uku. Aiki ya kai ta wata ƙasa can gabas mai nisa, wata jami'a a titin Jalan Semarak, tana koyar da ilimin fassara.

Burinta a duniya shi ne ta gama mayar da wani littafin labari na Jamusanci zuwa Hausa. Tana da tsarinta: ba ta yarda da jimla sai ta bi ta kunnen mahaifiyarta. In ta tashi daga aiki sai ta zauna a bakin tafkin Titiwangsa ta kira gida, lokacin can hantsi ne, ta karanta.

"Wannan Hausar 'yan boko ce," in ji Mama. "Mutum ba ya magana haka. Sake."

Dakta guda, sai ta sake jimlar, babu musu. Shekaru suka yi a haka.

Saura babi ɗaya, shanyewar ɓarin jiki ta kama Mama. Ta farfaɗo, amma Hausar ta gudu kaf. Abin da ya rage a bakinta Angasanci ne, yarenta na ƙuruciya, wanda ba ta koya wa 'ya'yanta ba, tunda a gida da coci da kasuwa duk Hausa ake yi. Gaisuwa kawai Tabitha ta iya. Ga fasfonta a hannun hukuma ana sabunta izinin zama, ba halin tafiya. Abin ya ci mata rai ƙwarai.

Duk da haka ta yi kiran bidiyo, 'yarta Ƙauna na gefe. A can gida, ƙanen Tabitha, Eli, ya riƙe wa Mama wayar. Tabitha ta karanta shafin ƙarshe. Tsohuwa ta kasa kunne, sannan ta yi magana mai tsawo, tana kallonta, tana maimaita wani abu. Eli ya girgiza kai, shi ma bai ji ba.

"Mummy, me Kaka ta ce?" in ji Ƙauna. "Fassara min mana."

Tabitha ta daɗe tana kallon bakin mahaifiyarta.

"Ban sani ba, Ƙauna."