Ƙarfen Noreen Bai Tsage Ba

Babanmu, Arvid Halvorsen, shekara talatin da takwas ya yi yana waldar jiragen ruwa masu dakon tama a tashar garin Superior. Hannuwansa duk tabon tartsatsi ne, idanunsa sun dushe. Shi ya sa ya rantse babu ɗansa da zai gaje shi. Ni dai na bi magana, har yau ina ofis ina ɗumama kujera.

Yayata Noreen ma ta bi, shekara goma sha ɗaya tana kamfanin inshora. Wata Litinin ta ajiye aikin, ta tafi koyon walda. Dama can kanta kamar dutse yake.

"Wato duk ƙunar da na sha don ki zauna a inuwa ta tashi a banza ke nan?" in ji Baba. "To, kada ki kawo mini zancen nan gidana."

Wata takwas bai ce mata komai ba, ban da "miƙo gishiri". Ta rame, kuma ba aikin ne ya ramar da ita ba. Ita ce 'yar lelensa, shirun nan yana cin ta.

Jarrabawar walda ba ta takarda ba ce. Ka haɗa ƙarfe biyu, a yanko daidai haɗin, inji ya lanƙwasa shi. In ya tsage, sai ka kama hanyar gida. Nata bai tsage ba.

Ran Lahadi muna cin abinci, ta ajiye ƙarfen kusa da farantinsa. Tsofaffin masu walda da babban yatsa suke duba aiki. Baba ya shafa, ya sake shafawa, ya daɗe.

"Kin yi gaggawa a ƙarshe," ya ce.

"Hannuna ne ya gaji, Baba."

"Wane hannu? Numfashi ne, 'yar nan. Ki riƙa sakinsa a hankali."

Ba wanda ya ga lokacin da ya sa shi aljihu. Washegari na leƙa shagon kofi na bakin tasha, inda tsofaffin abokan aikinsa suke zama. Ga ƙarfen yana yawo hannu zuwa hannu. Ba a taɓa yawo da digirina haka ba, amma daɗi ne ya cika ni.

Baba ya harɗe ƙafa yana cewa, "Ku nemo mini tsaga in kun isa! Kai Leif, shekara arba'in kana ɓata ƙarfe, ka taɓa yin irin wannan? Aikin 'yata ne."