Na Gane Rubutunsa, Na Sa Aka Kore Shi

A farkon shekarun tamanin ina matashin malamin Hausa a wata sakandaren kwana ta gwamnati tsakanin Funtuwa da Malumfashi. Ni mutum ne mai zargi tun asali, ko gaisuwa aka tsawaita mini sai na nemi abin da ke ƙarƙashinta, kuma a lokacin gani nake wayo ne. Ana zaman ɗar-ɗar a makarantu, sai shugabanmu ya hana ɗalibai, Musulmi da Kirista, duk wata maganar addini a taron safe, ya hana manna takarda. Wanda ya karya, kora ce.

Wata Litinin aka wayi gari da takarda a allon sanarwa, da yawun ɗalibai Musulmi. Ba zagi a ciki, roƙo ne a daina tsare su cirar auduga a gonar makaranta ranar Juma'a har salla ta wuce su. Shugaba ya miƙo mini ita, tunda ni ke duba littattafan kowa. Kallo ɗaya na gane rubutun. Na wani ɗan aji biyar ne, Kirista, ɗan manomi daga wajen Dayi, saura 'yan watanni ya zana jarrabawar fita.

Nan fa raina ya ɓaci. Me ya haɗa Kirista da sallar Juma'a? Na ce lallai turo shi aka yi don a haɗa Musulmi da hukuma. Na kira shi, na yi ta juya tambaya ɗaya, wa ya aiko shi, faston garinsu ko wani malami. Ya amsa cewa shi ya rubuta, amma ba zai kama sunan kowa ba. Shirun nan ya ƙara tabbatar mini akwai makirci. Wallahi har bin sa na riƙa yi da ido in ga wa yake yi wa murmushi. A taron malamai ni na fi kowa ɗaga murya, aka kore shi. Mahaifinsa ya zo a keke ya yi ta roƙo, ko kujera ban ba shi ba.

Sai bayan shekara shida na gamu da tsohon limamin ɗaliban a tashar Funtuwa. Yana sunkuyar da kai ya gaya mini su suka roƙi yaron ya rubuta musu, don ba wanda zai duba littafin Kirista. Yaron ya yarda saboda su ma Kiristoci an hana su waƙar ibadarsu, ya san zafin abin. Ya yi musu alkawarin rufin asiri, su kuma tsoro ya hana su fitowa.

Na hau mota na je ƙauyen su yaron, na same shi yana yankan dawa. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar ban taɓa yi masa komai ba. Da na nemi gafara ya ce ya yafe tuntuni, abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: sau nawa na tambaye shi wa ya aiko shi, amma ko sau ɗaya ban tambaye shi don me ya rubuta ba. Kunya ta rufe ni.

Malamai 'yan'uwana, ku ji tsoron Allah a kan zato. In ɗalibi ya buɗe baki a kan ibada, tasa ko ta wani, ku saurari abin da yake faɗa kafin ku nemi wanda ke bayansa. Ni an yafe mini, amma yaron nan bai ƙara shiga aji ba.