Ni Na Faɗa, Shi Aka Rubuta

Ɗan ƙanen mahaifina malami ne a jami'a a Sakkwato. Dakta muke ce masa a gida, har tsohuwarsa. Shekarar da ya ɗauki rubutu a kan yadda farashin wake da albasa ke hawa da sauka tsakanin Illela da Ƙonni da ke ƙetaren iyaka, rumfata ya mayar ofis. Duk Lahadi, ranar kasuwa, sai ya taho da littafi da biro ya zauna bisa buhu yana tambaya, ni kuwa na saki baki. Na gaya masa ana gane halin shekara daga abin da manoman Garu da Lafani suka riƙe a rumbu, ba daga abin da suka fitar ba. Na gaya masa abin da ya sa albasar ƙetare ke nauyin ƙafa idan sefa, kuɗin can, ta yi tsada. Har hanyoyin dajin da kaya suka riƙa bi lokacin da iyaka take rufe na zayyana masa, da irin mutanen da ake gaisarwa a kowace. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina tara wannan, kuma ba a aji ba.

Bayan wasu watanni ya dawo da kwamfuta, fuska a murtuke. Mujallar masana kasuwanci da ya aika wa ta maido masa da takardarsa.

"Mi ya faru, Dakta? Sun ce ƙarya ka rubuta?"

"A'a, Yaya, sun karɓi aikin. Manazarta ce ba ta yi musu ba."

Ya ce manazarta ita ce jerin da ake sawa a ƙarshe, na duk waɗanda marubuci ya ɗauko magana daga rubutunsu. Kowace mujalla da tsarinta. Wannan tana son sunan mahaifi a gaba, sai waƙafi, sai harafin farko na sunan mutum, sai shekara cikin baka. Sunan mujalla a kishingiɗe, sannan lamba da shafi. Wanda aka ambata a ciki dole ya fito a jerin, wanda ba a ambata ba a fitar da shi.

Na ce, "Ashe su ma dillalai ne. Ɗinkin bakin buhu ya karkace, sai a ce wake bai yi ba."

Ya yi dariya ya ci gaba da gyara. Don in taya shi hira na ce ya karanto mini sunayen. Akwai Turawa, akwai farfesoshin kudu, mutanen da ba su taɓa shaƙar warin albasar da ta kwana uku a mota ba. Wannan bai dame ni ba. Na farkon jerin ne ya tsaya mini a wuya.

Maƙwabcina ne, mai rumfar da ke kallon tawa. Tare muka fara dako muna samari, shi dai ya ƙare sakandare, ni ban ƙare ba. Shi ne sakataren ƙungiyarmu, kuma ya taɓa karanta wata 'yar takarda a wani taro a Sakkwato, aka buga ta cikin ɗan littafin taron. Na san takardar sarai, domin kafin ya rubuta ta sati guda ya yi yana shan furata yana tatsar bakina. Da yake jerin bisa harafi ake yinsa, kuma harafinsa na gaba ne, sai ga shi a sama, Turawa duk a ƙarƙashinsa.

"Ni fa?"

Dakta ya sosa ƙeya. "Kana ciki, Yaya. Wuri uku ma."

Ya nuna mini. An rubuta: wani ɗan kasuwa da ya daɗe a harkar.

"Wani? Ni ne wani?"

Ya ce dokar mujallar ce. Maganar baki ba ta shiga jeri, domin mai karatu ba zai iya zuwa ya buɗe ta ya duba ba.

"To ni mutuwa na yi? Ga ni zaune. Mai son dubawa ya hau mota ya taho Illela."

Abin ya ci ni. Ni da ba na damuwa idan wani ya riga ni sayen kaya, sai ga shi ina leƙen rumfar maƙwabcina kamar ya sace mini akuya. Shi kuma labari ya kai masa. Ya sa aka buga masa shafin, ya naɗe a aljihu yana nuna wa duk wanda ya tsaya.

"Alhaji, ka ji an sa ni a littafin masana?"

"Na ji. Harafi ya taimake ka."

"Allah dai ya taimake ni. Kai ma ka riƙa rubutu mana."

Da la'asar na kai kuka wurin malaminmu na zaure. Na ce a karatunmu ana cewa wane ya ji daga wane, shi kuma daga wane, ba a zubar da bakin da magana ta fito. Malam ya ce haka ne. Amma ya ce in tuna, duk wanda sunansa ya shiga isnadi sai an tona halinsa, an bi shigarsa da fitarsa. Na ji shi, ban dai sa a rai ba.

Na matsa wa Dakta har ya rubuta wa editan mujallar. Amsa ta zo cewa jeri dai ba zan shiga ba, amma ana iya sa cikakken sunana a cikin rubutun, da ranar da muka yi hira, idan na sa hannu na yarda. Ya kawo takardar yardar, na karɓi biro. Sai ya ce in dakata ya karanta mini wurare ukun da sunana zai hau. Na rumbu ya yi mini daɗi, na sefa ma haka. Na ukun shi ne na hanyoyin daji.

Na aje biron. "Sa ni a biyu, ka bar na ukun a wani."

"Yaya, mai karatu ba wawa ba ne. Baki ɗaya ne, zai gane."

"To cire shi."

"In na cire, aikin ya tashi daga aiki. Don shi suka karɓa."

Na shiga lissafin mutanen da ke cikin maganar nan ba da saninsu ba: direbobi, masu babura, wani tsoho a wani ƙauye da ya ba ni ɗakinsa na aje kaya. Na kuma tuna mujalla ba ta ruɓewa kamar albasa, kuma ba masana kaɗai suka iya karatu ba. Maƙwabcina ya kwana lafiya a saman jeri ne saboda babu abin da ya faɗa da zai sa a neme shi. Na miƙa wa Dakta takardarsa babu sa hannu.

Mujalla ta fito, ni ina nan a wani. Ba zan ce zafin ya tafi ba. Yanzu idan ɗalibai suka zo da littafi da biro suna neman wanda ya san kasuwa, rumfar da ke kallon tawa nake nuna musu, in ce ga wanda ke cikin littafi can. Ba sa daɗewa suke dawowa. Sai in ba su wurin zama, in gaya musu rabi.