Yadda Baffana Ya Zama Sale Bindiga

Wata safiyar Laraba ce ta kaka, a shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Ina tsugune a ƙofar gidanmu, a wani ƙauye kusa da Roni, ina ɓarar gyaɗa, sai na ji ƙara kamar an harba bindigar toka a bayan kunnena. Ƙwaryar gyaɗar ta kife, kaji suka watse, jakin maƙwabta ya tsinke igiya ya nufi gona. Da na ɗaga kai sai na ga harshen wuta ya taso daga injin motarmu ya lashi fuskar Baffa Sale, ƙanen mahaifina, wanda ya sunkuya a kan kafireto, inda fetur ke gauraya da iska, Baba kuma yana ciki yana murɗa makulli. Baffa ya ja da baya yana salati, hannu a ido. Wallahi har yau in na ji ƙaurin gashi wannan safiyar nake tunawa, domin girarsa ta hagu ta tafi gaba ɗaya.

Motar wata tsohuwar a-kori-kura ce da Baba ya sayar da shanun huɗarsa ya saya a Kazaure, injinta a mace, don ya riƙa kai gyaɗar ƙauyenmu wurin awo. Baffa Sale dawowarsa ke nan daga Kano inda ya koyi kanikanci, ya ce kada a kai ta ko'ina, shi zai tashe ta. Duk daminar nan a gindin tsamiyar ƙofar gida ya yi ta. Ya sauke injin, ya wanke kowane ƙarfe da kananzir ya jera a kan tabarma, ya sa sababbin ringi da fulogai, mu kuwa aka hana mu carafke a wurin don kada tsakuwa ta faɗa inda ba a so. Ranar da ta tashi, mata har guɗa suka yi ta kan katanga. Aikinsa na farko ne, masu injin niƙa da masu babur duk sun zuba ido su gani ko za su ba shi nasu. Baba kuwa ya riga ya faɗa a gaban jama'a: in ba ta ɗauki gyaɗar bana ba, zai kira makaniken Kazaure, Sale ya koma riƙe fartanya.

Ba a jima ba ta fara iskancinta. Da safe sai ta yi ta tari, ta yi atishawa ta kafireto, ta saki bindiga. Da rana ta take sai ta lafa, Baffa ya kwance wani baƙin kwano mai wayoyi da ke raba wa fulogai wuta, distiributa yake ce masa, ya ɗan juya shi yana kasa kunne har taimin ya zauna, wato wuta na zuwa daidai lokacinta. Ya ɗaure, ya yi wa wurin alama da alli, ya wanke hannu yana murmushi. Gari na wayewa, alamar na nan inda ya bar ta, amma wuta sai ta zo da wuri, sai ta makara, yadda ta ga dama. Ya sauya fulogai, ya busa kafireto, ya bi wayoyi ɗai-ɗai, a banza. A makaranta yara suka tsiro da wasa, ɗaya ya sunkuya, sauran su ce "dam!" ya faɗi yana shure-shure, suna kiran "Sale Bindiga". Na yi dambe a kan wannan sunan har aka yaga mini kallabi.

To, akwai abin da ni kaɗai na sani, ban kuma taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. A ɗakin kakata Iya nake kwana, Baffa Sale kuwa shi ne autanta, ba ta haɗa shi da kowa. Tun ranar guɗar nan hankalinta ya tashi, tana cewa, "Bakin mutane ya yi wa Auta yawa." Sai ta riƙa aikawa ana karɓo mata rubutu, ta wanke allon a ƙoƙo. Bayan sallar asuba, maza suna masallaci, sai ta ce, "Taso, uwar barci," in riƙe mata ƙoƙon mu fita. Baffa yana barin murfin injin a tokare da icce. Da fari yayyafawa take yi ko'ina, amma da ta lura kullum baƙin kwanon nan Auta yake dafawa, sai ta ce ai nan ne ciwon, rubutu kuwa inda ke ciwo ake shafawa. Daga nan a kansa take tuttulawa. Duk ranar da bindigar ta ƙaru, ta ce maƙiya sun ƙara ƙaimi, ita ma ta ƙara ruwan.

A ranar da wutar ta ci girarsa, Baba ya fito daga motar, ya ce gobe zai tafi Kazaure, ba zai yi asarar ƙane a kan ƙarfe ba. Iya ta shafa wa Baffa man shanu a ƙunar tana kuka. Shi kuwa ko hantsi bai jira ba, ya koma da ido ɗaya a kumbure, ya ɓalle murfin kwanon tun injin bai yi zafi ba, abin da bai taɓa yi da sassafe ba. Ina tsaye ina tsince gyaɗata na ga ya yi turus. Cikin murfin a jiƙe yake, ga wani siririn tsagu, ga baƙaƙen layuka sun bi daga wannan waya zuwa waccan. Ya dangwala da yatsa, ya ji danƙo, ya kai harshe. "Ikon Allah," ya ce, "wannan ai tawada ce!" Ni kuwa da alfaharina na ce, "Rubutun Iya ne, Baffa, kullum sai mun zuba maka."

Ban taɓa ganin babban mutum ya zauna daɓas a ƙasa haka ba. Sai da na girma ya bayyana mini cewa da gawayi da ƙaro ake dafa tawada, wuta kuwa tana bin gawayi da laima, shi ya sa take tsallakawa zuwa fulogin da ba lokacinsa ba ne, ta kunna fetur tun ƙofarsa ba ta rufe ba, wutar ta dawo ta kafireto. A ranar dai abin da ya ce kawai shi ne, "Hanne, kada in ji wannan a bakinki. In Iya ta san ruwanta ne ya ƙona ni, ba za ta sake barci ba."

Ya hau keke ya samo wani murfin. Da Baba ya tambaye shi a gaban dattawa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Murfin ne ya tsage, Yaya, ban lura ba." Aka yi dariya, wani ya ce ashe karatun Kanon ke nan. Da yamma ya durƙusa a ƙofar ɗakin Iya ya ce, "Iya, daga yau ni za ki riƙa ba rubutun in sha, tunda ni nake tuƙa motar." Ta ji daɗi ƙwarai. Motar ta kwashe gyaɗar shekarar tas, Iya kuma har ta koma ga Allah tana gaya wa baƙi rubutunta ne ya kori maƙiyan Auta.

Yanzu in motar ɗana ta yi tari, wata 'yar na'ura ake jona mata ta faɗi ciwonta, ba mai kasa kunne, ba mai ɗanɗana komai da harshe. Tsamiyar ma an sare ta. Baffa ya samu garejinsa daga baya, amma girar ba ta sake tsirowa ba, sunan kuma bai sake shi ba, har ranar jana'izarsa na ji ana cewa Sale Bindiga ne ya rasu. Kalma ɗaya da za ta wanke shi, ya gwammace ya tafi da ita kabari.