Ɗan Garin Kwana Ɗaya

Tun daga nesa Jawahir mai gurasa ta gane mutumin baƙo ne. Ga shi nan tafe a bakin titin Ibrahim Taiwo da hantsin Asabar, shaddarsa ko wanki ba ta taɓa sha ba, ya karkace hula, yana ta ɗaga wa mutanen da ba su san shi ba hannu. A ganinta, irin ma'aikatan nan ne da ke zuwa Kano hutun ƙarshen mako, su koma ofis su ishi kowa da labari.

"Hajiya, a sa min kamar kullum," in ji shi.

Kullum ɗin wa? Ta barbaɗa masa ƙuli da yaji. Sai ya tsaya waige-waige, wai cokali yake nema! Loma biyu, idanunsa sun kawo ruwa, amma yana ta gyaɗa kai.

Ana haka wata tsohuwa ɗauke da jaka ta tsaya gabansa. "Ɗan nan, ina hanyar tashar jirgin ƙasa? Kada ya tashi ya bar ni."

Gogan naka ko ɗar bai yi ba. Ya miƙa hannu da isa, ya nuna mata hanyar Sabon Gari.

"Inna, dawo!" Jawahir ta ƙwala mata kira, ta juya ta zuwa hanyar gaskiya. Sannan ta dube shi sheƙeƙe.

"Malam, kai ma bi bayanta. Ta nan ka shigo jiya."